Wasiƙa: A ba mu fili mu nuna fitowar rana da faɗuwarta a bakin tekunmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Roƙo na zo da shi, kuma dan Allah a daure a karanta har ƙarshe. Na jima ina lura duk lokacin da jaridu da shafukanmu na Hausa za su sa hoton teku, ko a labarin yawon buɗe ido ko a shafin ƙarshen mako, sai a je intanet a ɗauko na wata ƙasa can mai farin yashi da ruwa shuɗi shar, yanzu ma abin ya kai har na AI ake sakawa, rana ta cika rabin sama ga launin da Allah bai taɓa halitta ba. Alhali Najeriya kaɗai tana da gaɓar teku ta kusan kilomita 853, kuma mutanenmu suna nan jibge kusa da ita, Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago, ga 'yan uwa a Nima da Sabon Zango a Accra, ga na zangon Kwatano da Lome, ga na Duwala. Kusan kowa da waya mai kyamara a aljihu. Ni a Legas nake zaune kuma ɗaukar hoton fitowar rana da faɗuwarta a bakin teku abu ne da nake so sosai, shi ya sa nake roƙon ku ware mana ɗan fili ko sau ɗaya a mako, masu karatu su riƙa turo nasu na gaskiya da suka ɗauka da hannunsu.

Nasan abin da za a ce, wai hotunan da mutanenmu ke ɗauka ba su da kyau. Eh da yawa ba su da kyau, ina ganinsu a status duk bayan Sallah, sama ta yi fari fat, fuska ta yi baƙi ƙirin, teku ta karkace gefe ɗaya. Sai yaro ya ce ai wayarsa ce ba ta da kyau, da iPhone ce da ba haka ba. Wallahi yawanci ba laifin waya bane. Bai san ta ina ranar za ta faɗi ba, bai san ƙarfe nawa ba, bai kuma san wane wata ya dace ba, kuma duk waɗannan kyauta ake saninsu.

Abu na farko da mutane ba sa lura dashi, gaɓar Legas kudu take kallo. Idan ka tsaya a Elegushi ko Oniru ko can Badagry kana fuskantar ruwa, to gabas tana hagunka yamma tana damanka, ranar ba a gabanka za ta faɗi ba, a gefenka ne. Kuma ba wuri ɗaya take faɗuwa duk shekara ba. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba tana fitowa daidai gabas ta faɗi daidai yamma, wato zaka ganta tana sauka a can ƙarshen yashin, inda ruwa da ƙasa suka haɗu. Daga nan zuwa Disamba sai ta riƙa matsawa kudu kaɗan-kaɗan har ta kai wajen digiri 23, a wannan lokacin ne kawai take faɗawa cikin ruwa sosai yadda mutane ke so, haka kuma da safe daga cikin ruwan take ɓullowa. A watan Yuni da Yuli kuwa ta koma arewa, bayan gidaje da bishiyoyin kwakwa da dogayen benaye take ɓuya. To kaga wanda ya biya kuɗin mota ya biya kuɗin shiga geti a watan Yuni don ya ɗauki rana tana nutsewa a teku, ko zai kwana a wurin ba zai samu ba, sai dai ya juya ya yi amfani da kwakwar da inuwarta, wanda shi ma hoto ne mai kyau in an san shi aka je nema.

Kowane gari da nasa. A Accra gaɓar ta ɗan karkata tana kallon kudu maso gabas, don haka safiya ta fi yi musu, wanda ke Nima in ya sammako zuwa Labadi ko wajen Jamestown inda hasumiyar jiragen ruwa take ga kwale-kwalen masunta jere, zai samu rana tana fitowa daga ruwa a yawancin shekara. Kribi a Kamaru yamma take kallo, su kam kullum rana a teku take faɗuwa musu, ga kuma ruwan Lobe da ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku a kusa da garin. Alhazai da masu Umara da suka samu sararin tsayawa a Jidda su ma yamma ce a gabansu, Bahar Maliya ce ke haɗiye ranar, amma wanda ke ɗaya ɓangaren a Port Sudan shi fitowa zai ɗauka. Taswirar da ke cikin wayarka ta isa ta gaya maka wannan kafin ka bar gida, ka duba ta ina ruwan yake kawai.

Maganar lokaci kuwa mu ai Allah ya hutar da mu. Turawa masu wannan harka sai sun sauke manhaja ta musamman don sanin minti nawa rana za ta fito, mu kuwa jadawalin sallah yana hannun kowa, lokacin magariba shi ne faɗuwar rana, shuruƙ kuma fitowarta. A Legas duk shekara magariba ba ta wuce tsakanin wajen 6:25 zuwa 7:05, fitowa kuma tsakanin 6:30 zuwa 7 da 'yan mintuna. Abin da ya kamata a sani shi ne mu nan kusa da tsakiyar duniya rana a miƙe take sauka, ba ta jan jiki kamar a Ingila inda a lokacin zafinsu haske ke daɗewa bayan ta faɗi. Daga lokacin da gindinta ya taɓa ruwa zuwa ta nutse gaba ɗaya minti 2 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Minti 2 fa! In kana neman inda zaka ajiye takalmi ko kana ciniki da mai doki, ta tafi. Don haka a isa wurin da aƙalla awa ɗaya, a lissafa da goslo ɗin hanyar Lekki wanda kowa ya san halinsa musamman ranar Lahadi da ranakun hutu. Akwai kuma wata dabara ta hannu, ka miƙe hannunka sosai ka jera yatsu a kwance tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ruwa, a nan wajenmu kowane yatsa kusan minti 7 zuwa 8 ne, yatsu huɗu kusan rabin awa kenan ta rage.

Sai yanayi. Dalilin da ya sa rana ke ja da yamma da safe shi ne haskenta yana ratsa iska mai kauri sosai kafin ya iso idonka, shuɗin ya warwatse a hanya sai ja da ruwan lemo su rage. Amma kafin sama ta kama da launi sai an samu gajimare na can sama da hasken zai haska ta ƙasansu, sama wadda take wayam ba komai hotonta ba ya wani armashi. Shi ya sa ni a wurina babu kamar ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya wanke iska, ga ragowar giza-gizai, ga rana ta fara komawa ta kan teku, komai ya haɗu. Da hunturu ya sauko kuwa, ƙarshen Disamba zuwa Janairu da Fabrairu, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, wadda ke rufe Kano da Maiduguri, ita ce dai ke isowa har bakin teku. A irin ranakun nan rana ba ta kaiwa ruwa, tun tana sama zaka ga ta zama wani jan faifai ta dushe cikin hazo. Wasu suna jin haushi su mayar da waya aljihu, ni kuwa ina son hoton hazon nan ƙwarai, saboda shi ne lokacin da kyamarar waya ke iya kama zagayen ranar tsaf ba tare da haske ya ƙone hoton ba, kuma irin wannan namu ne, ba zaka same shi a hotunan da ake ɗaukowa daga waje ba.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne da zarar rana ta nutse sai kowa ya tattara ya nufi geti. Launi mafi kyau sau da yawa bayan ta faɗi yake zuwa, minti 10 zuwa 20, lokacin da shafaƙi ya bazu sama ta yi ja ta koma ruwan hoda ta koma shuɗi mai duhu, jiƙaƙƙen yashi kuma ya ɗauki launin gaba ɗaya. Nasan a nan ne ake samun karo da sallah, kuma ba zan ce wa kowa ya jinkirta magariba saboda hoto ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake yi shi ne na je da alwalata da 'yar darduma, in ma alwalar ta karye ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi, rana na nutsewa a ta da sallah a wurin, alƙibla daga Legas gabas ce da ɗan karkata arewa don haka tekun zai kasance a damanka, raka'a uku ba ta cin lokaci, kana sallamewa zaka tarar da sauran jan yana nan. Ya fi a ce ka fito da gudu ka shiga goslo sallar ta kuɓuce hoton ma ya kuɓuce.

Riƙon wayar kuma ba wani karatu bane mai tsawo. Ka fara goge gilashin kyamarar, domin iskar teku tana ɗauke da gishiri da danshi, cikin ɗan lokaci sai ya yi dusu-dusu kai baka sani ba, amma ka hure yashi tukuna kafin ka goga kuma da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba zaka kankare shi. Ka kunna layukan nan da ke raba fuskar kyamara gida tara don layin teku ya miƙe, kar ka sa shi a tsakiya, in sama ce ta yi kyau ka ba ta kashi biyu cikin uku, in yashi da ruwa ne suka yi kyau ka ba su. Sannan wanda ya fi komai, ka taɓa sama kusa da ranar da yatsa, wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, ka ja ta ƙasa har launin ya dawo. Waya ita burinta ta haskaka komai, shi ya sa take mayar da magariba kamar azahar. A kashe filasha. A bar zum ɗin nan na yatsa biyu, fasa hoto kawai yake yi, in kana son abu ya matso kai ka matsa. Masu babbar kyamara su sun san ISO 100 da f/8 ko f/11, abin da zan ƙara musu kawai kar a leƙa rana ta ramin kyamara da dogon gilashi tun tana da ƙarfi, ido ba shi da sifiya.

Kuma rana ita kaɗai ba hoto bace, ko'ina a duniya iri ɗaya ce. Abin da ke gabanta shi ke nuna inda kake. Mai doki yana wucewa, yara suna buga ƙwallo, kwale-kwale a kife kan yashi, ko jiragen dakon kaya da ke jere can nesa suna jiran shiga Apapa waɗanda da duhu ya fara sai fitilunsu su kama. Ka bar su su fito baƙi, inuwa zalla, kar ka yi ƙoƙarin fito da fuska. In kuma hoton ɗan uwanka kake so ya yi kyau to ka juya shi ya fuskanci ranar kai ka ba ta baya, hasken la'asar sakaliya yana yi wa baƙar fata kyau fiye da duk wata fitilar situdiyo. Ka tsuguna ƙasa ma wani lokaci, da ruwa ya janye yashin yana sheƙi kamar madubi, sama biyu zaka samu a hoto ɗaya.

In aka ce na zaɓa, safiya zan ɗauka. Da yamma akwai cunkoso da kiɗa da hayaƙin gashi, da asuba kuwa ba kowa sai masunta da masu motsa jiki, yashi ba sawun ƙafa, iska a kwance. A wajen Badagry da ƙauyukan gabashin Lekki zaka tarar da masunta sun yi layi suna jan taru daga teku suna waƙa, aikin da ke cin awanni, mata na jira da robobi. Sai dai a nan dole na yi magana da mutanenmu, a riƙa neman izini. Waɗannan mutane sana'arsu suke yi, ba ado aka ajiye maka ba, ka yi sallama ka gaisa ka tambaya, in sun ƙi ka haƙura, in ka sayi kifi ma ya fi. Haka matan mutane da 'ya'yansu da suka zo shan iska, bai halatta ka saita su ka ɗauka ka watsa a TikTok ba don kawai suna bakin ruwa, yadda ba zaka so a yi wa ƙanwarka ba. Kuma kar a je wurin da ba kowa shi kaɗai cikin duhun asuba da waya a hannu, a tafi su biyu ko uku, a zaɓi inda ke da masu gadi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ruwan nan yana kisa. Yaranmu da suka taso suna iyo a kogi ko dam ko kududdufi suna ɗauka duk ruwa ɗaya ne. Tekun Atilantika a gaɓar Legas da Kwatano da Lome da Accra tana da igiya mai ƙarfi, kuma akwai wata hanyar ruwa da ke komawa ciki da gudu, daga sama sai kaga wurin ya fi ko'ina kwanciya alhali nan ne ya fi haɗari, ko gwanin iyo ya ce zai yi gaba da gaba da ita sai ya gaji, dabarar ita ce a yi iyo gefe a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinta. Mai selfi kuma shi ne ya fi kowa shiga haɗari, don ya ba ruwa baya idonsa na kan waya, yana ja da baya kaɗan-kaɗan don rana ta shigo, igiya ɗaya babba ta share masa ƙafa. Wasu har hawa jiƙaƙƙun duwatsun da aka jera don tare ruwa suke yi. Dan Allah iyaye da shugabannin zango da limamai a riƙa faɗa kafin Sallah, duk hoton da na lissafa a sama daga kan busasshen yashi ko inda ruwa bai wuce idon sawu ba ake ɗaukarsa.

To me ya sa na dage sai an buga namu, kuma na gaskiya ba wanda aka cika wa filta ba? Saboda gaɓar nan tana canzawa a gaban idonmu. Duk wanda ya san Legas a da ya san Bar Beach, nan gefen titin Ahmadu Bello a Victoria Island, inda talaka ke zuwa da iyalinsa ranar Sallah da Kirsimeti. Tun da Turawa suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, yashin da ruwa ke kawowa daga yamma ya daina isowa wurin, teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru har tana malalowa kan titi. Yau an cike wurin an gina Eko Atlantic, Bar Beach sai a tsoffin hotuna. Kuramo ma ta tafi bayan ambaliyar teku ta watan Agustan 2012 da ta ci rayuka. A 2024 an rushe wani ɓangare na wuraren shaƙatawa na bakin ruwa wajen Oniru saboda babban titin Legas zuwa Kalaba mai kusan kilomita 700. A Ghana mutanen yankin Keta sun daɗe suna kallon teku na cinye musu gidaje. Wuraren da suka rage a Legas yawanci sai ka biya a geti, wani wajen ma in an ga babbar kyamara a hannunka sai a ce ka ƙara kuɗi. Hoton da yaro zai ɗauka yau da ƙaramar wayarsa, in an rubuta wuri da kwanan wata, nan da shekara 20 shi ne shaidar yadda wurin yake, amma in an murɗa masa launi an goge leda da robobin da ke yashe a gaɓa an liƙa wata ƙatuwar rana, ba shaidar komai bane. Ni ban hana a ɗan gyara haske ko a miƙe layi ba, wannan kowa na yi, amma a bar sama da launin da ta zo dashi, sharar ma wani lokaci a barta ta fito mutane su gani su ji kunya.

Don haka Malam Edita ga yadda nake ganin za a yi. Ku sa lambar WhatsApp ko adireshin imel, mai turowa ya rubuta sunan wurin da ranar da ƙarfe nawa, ya turo hoton a matsayin fayil don kar WhatsApp ya matse shi ya lalace, ya kuma tabbatar shi ya ɗauka kuma duk wanda fuskarsa ta fito ya yarda. Ku zaɓi ɗaya ko biyu a mako ku sa da sunan mai shi, don wasu yaran nan in suka ga sunansu a jarida zai iya zame musu sana'a. Kar kuma a ce sai na teku kaɗai, wanda ke Tiga ko Kainji ko bakin Kwara a Yamai ko Lokoja ko gefen Tafkin Chadi duk dabarar ɗaya ce, shi ma ya turo. In kun amince kuka buɗe filin kafin Oktoba, masu karatu na Legas da Accra da Kwatano za su samu damar shiryawa kafin watannin da suka fi kyau su shigo, ni kuma a shirye nake na fara turo nawa.

Na gode da ba ni dama, Allah ya taimaka.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas